Haƙori Uku da Lemo Bakwai

(Ɗakin likitan haƙori. Kaka ya shigo riƙe da hannun jikansa.)

LIKITA: Sannu da zuwa, Baba. Wa za a duba?

KAKA: Wannan ja'irin. Ni haƙorana lafiyarsu ƙalau, duka ukun.

JIKA: Biyu da rabi ne, Likita. Na ƙirga yana barci.

KAKA: Rufe mana baki!

LIKITA: A'a, ya dai buɗe. Yauwa. Kai yaro, me kake yi wa haƙoran nan?

JIKA: Lemo nake tsotsa. Jiya bakwai na sha, tun safe har magariba. Ba ku kuka ce 'ya'yan itace na ƙara lafiya ba?

LIKITA: Mu muka ce. Amma tsami yana cin farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, kuma na haƙoran nono ya fi na manya rashin kauri. Yawu ne ke kashe tsamin, ya mayar wa ɓawon da sinadarin kalsiyam. In kana ƙara tsami wuni guda, yaushe zai samu sararin gyara?

KAKA: Yawu? Wannan da muke tofarwa?

LIKITA: Shi fa. Baki kan samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana, kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne. Tauna ce ke tsinko shi. Ka gatsi tuffa ka yi ta tauna, ya kwararo ninki-ba-ninki. Ka matse ta a kofi ka kwankwaɗe, sukarin ya jiƙe haƙora, muƙamuƙi bai yi aikin komai ba.

JIKA: To ai ina gama sha nake dirje su da buroshi.

LIKITA: Ka ƙara wa Barno dawaki. A lokacin ɓawon ya yi laushi, kankare shi kake. Kurkure baki da ruwa, ka jira kamar minti 30 tukuna.

KAKA: Ka ji ko? Haƙori 20 aka ba ka aro, kana neman cinye su kafin famfara.

JIKA: Kai da aka ba 32 kyauta, ina sauran?

KAKA: Sun yi ritaya. Likita, tun da zance ya zo, ni nawa yawun ya yi yaji. Cikin dare harshena kamar busasshiyar fata.

LIKITA: Dama in an yi barci raguwa yake. Kana shan magani?

KAKA: Na hawan jini, da na fitsari, da wani ja da ban san laifin da na yi masa ba.

LIKITA: To ba lalle tsufa ba ne. Magunguna da yawa suna busar da baki, busasshen baki kuwa nan ruɓewar haƙori ke samun gindin zama. Kada ka daina sha, ka dai faɗa wa likitan da ya rubuta maka. Ka riƙa kurɓar ruwa, a yanka maka tuffa siri-siri ka tauna a hankali. Busassun 'ya'yan itace kuwa a yi hattara, maƙalewa suke.

KAKA: Su maƙale a ina? Fili ne fetal. Ga shawara: yaron ya tauna, ni in haɗiye.

LIKITA: Baba, ai a bakin mai taunar yawun ke zuwa.

JIKA: Ba komai, Kaka. Kawo kofi in sammaka.