Fim ɗin da aka gutsure wa suna kafin a kai shi kasuwa

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan mun rufe shagonmu na dabino da ke Bab Makka a nan Jidda, na tarar da yara a falo sun kunna John Carter, fim ɗin da kamfanin Disney ya fitar a watan Maris na 2012. Na zauna da niyyar in sha shayi in tashi, sai ga ni har ƙarshe. Da aka zo wurin da korayen halittun nan masu hannu huɗu suka kewaye jarumin a hamadar duniyar Mars, babban ɗana ya waiwayo ya ce, "Baba, ai wannan Avatar suka kwaikwaya." Maganar yaron ce ta sa nake wannan rubutu, domin a ganina ita ce cutar da ta kashe fim ɗin.

Ga yadda lissafin ya kasance. An kashe sama da dala miliyan 250 wajen shirya shi, ban da kuɗin talla. Abin da ya tara a gidajen sinima na duniya baki ɗaya kimanin dala miliyan 284 ne, kuma miliyan 73 kacal daga ciki suka fito daga Amurka da Kanada. Wanda bai san harkar ba zai ce ai an mayar da uwar kuɗi, amma masu gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Fim ɗin bai cika mako biyu da fita ba Disney ta sanar cewa tana sa ran asarar dala miliyan 200, kuma a watan Afrilu shugaban sashen fina-finanta, Rich Ross, ya ajiye aiki.

To amma wa ya kwaikwayi wa? Labarin na Edgar Rice Burroughs ne, wanda ya ƙirƙiri Tarzan, kuma ya fara fitowa kashi-kashi a mujalla a 1912, shekara ɗari cif kafin fim ɗin. Marubuta da masu shirya fina-finan sararin samaniya sun daɗe suna ɗibar ruwa a wannan rijiya, har James Cameron, darektan Avatar, da kansa ya ambaci labarin cikin abubuwan da suka yi tasiri a kan Avatar. Kakan ne ya iso taro a makare, aka ce ya yi kama da jikokinsa. Aikin masu talla ne su faɗa wa jama'a wannan asali, ba su kuwa faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sunan. Littafin sunansa A Princess of Mars, wato gimbiyar Mars. Aka cire gimbiya don kada samari su ƙi zuwa, aka koma John Carter of Mars, sannan aka sake cire Mars, aka bar sunan mutum tsirara. Ni mai sayar da dabino ne. Idan na zuba ajwa ta Madina a farar leda ban rubuta komai a kai ba, alhajin da ya shigo da sauri zai wuce ta ya ɗauki sukkari mai kwali mai sheƙi, kuma ba zan ga laifinsa ba. Wanda ya ga "John Carter" a allon talla ta ina zai san labarin tsohon sojan yaƙin basasar Amurka ne da ya farka a wata duniya? Sunan zai iya zama na lauya ko na likita.

Ba na wanke fim ɗin tas. Farkonsa yana da ruɗani, domin ana jefa mai kallo daga Mars zuwa New York zuwa Arizona, ana zuba masa sunaye irin su Helium da Zodanga tun bai san wanda zai goya wa baya ba. Taylor Kitsch, wanda ya fito a matsayin John Carter, kuma bai cika allo ba yadda jarumin irin wannan labari ya kamata. Darektan, Andrew Stanton, gwani ne a fina-finan zane, shi ya yi Finding Nemo da WALL-E, amma wannan ne karonsa na farko da 'yan wasa na jini da tsoka, kuma ɗora wa sabon shiga kaya mai nauyin haka kasada ce. Duk da haka, da zarar labarin ya zauna a Mars yana riƙe mutum. Wurin da jarumin ke koyon tafiya, yana taka ƙasa yana tashi sama saboda jan ƙasar can bai kai na nan ba, ya sa ƙaramar 'yata dariya har ta zubar da shayinta a kan darduma.

Akwai kuma wani abin da nake tunawa duk lokacin da aka ce "duniya ta ƙi fim". A 2012 babu gidan sinima na kasuwanci ko ɗaya a Saudiyya. Sai a watan Afrilun 2018 aka sake buɗewa a Riyad bayan fiye da shekara 30. Mu da muka ga fim ɗin daga baya a faifai ko a talabijin ba mu cikin waccan ƙidaya, an yanke masa hukunci tun a makonsa na farko, lokacin da ya tara dala miliyan 30 a Amurka cikin kwana ukun farko ya zo na biyu a jerin fina-finan da suka fi tara kuɗi.

An tsara fim ɗin ne a matsayin na farko cikin uku. A watan Oktoban 2012 Disney ta sayi Lucasfilm, masu Star Wars, kan dala biliyan 4, daga nan ba ta da sauran buƙatar Mars, kuma a 2014 haƙƙin labarin ya koma hannun kamfanin magadan Burroughs. Da fim ya ƙare, yaron nan da ya ce kwaikwayo ne ya ɗauki rimot yana neman kashi na biyu. Na ce masa babu, bai yarda ba sai da ya duba a wayarsa.