Na hau dutse neman Ubangiji, ashe wurin 'yan neman rezo ne

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Damagaram ya san abin da nake nufi in na ce kaina ya ɗau zafi. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, famfo sai iska yake hurawa, 'yan ga-ruwa sun ninka kuɗin bido, ga ɗinkin mutane jibge a gabana kowa na cewa bikinsa jibi. Ko Faransawa ma ƙishirwar garin nan na cikin abin da ya sa suka tattara babban birni suka kai Yamai a 1926, balle ni 'yar talaka mai keken ɗinki ɗaya.

To ran Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan Markus 1:35, yadda Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, ya ce mu ma kowa ya nemi wurin da ba hayaniya ya huta a gaban Ubangiji. Na ce a raina fasto bai taɓa zama gidan haya ba, mu da ko bayi ka shiga sai an ƙwanƙwasa. Amma maganar ta zauna mini, sai duwatsun Birni, tsohuwar unguwar garin nan, suka faɗo mini a rai.

Da kiran assalatu na jera bidona a layin famfo, na ɗau Littafi Mai Tsarki da ɗan guntun burodi na kama hanya. Hawan bai ba ni wuya ba. Na samu wani faffaɗan dutse mai sanyi na shimfiɗa mayafi, iska na kaɗawa, gari shiru, na buɗe Zabura 23 har hawaye sun fara taruwa mini, sai na ji takun mutum. Wani saurayi ne riƙe da waya sama yana juyi da ita. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi sannan ya ce "Inna, ke ma a nan taki take kamawa?" Na ce ɗana, ni da Sama nake magana. Ya ce ai shi ma nesa ce, Agadas. Ya zauna ɗan nesa da ni ya kira budurwarsa, kuma ita ma can rezon nata ba kirki, don haka duk kalma sai ya maimaita da ƙarfi. Ni ina Ubangiji makiyayina ne, shi yana "wa ya ce miki na je gidan su? WA YA CE MIKI?" Allah ya sani na kai aya ta 4 ban san me na karanta ba, hankalina duk yana kan ko za ta yafe masa. Ba ta yafe ba.

Da ya sauka na ce yauwa, bari in rufe ido in yi addu'a da kyau. Rufe idon ke nan.

Zafin dutse ne ya tashe ni, rana ta take, bayana kamar an ɗora ni a tandar waina. Wata akuya na tsaye a kaina ta gama da burodin ta koma kan bakin mayafi. Saukar kuma ita ce aiki, da zane, da silifas, dutse ba ya taɓuwa, ƙarshe da mazaunai na gangaro wasu yara na ƙasa suna mini "a hankali Inna, saura kaɗan".

Na tari kabu-kabu na iso gida na tarar ruwa ya zo har ya tafi. Gabana ya faɗi. Ashe Hajiya maƙwabciyata ta sa jikokinta sun cika mini bidona duka sun kai ƙofar ɗaki, ga fanke a kwano ta rufe. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce "Maman yara, in barci kike so ki zo ɗakina ki kulle, ba sai kin hau dutse ba."

Maigida na ta dariya yana tambaya wai me Ubangiji ya gaya mini a can. Na ce ya buɗe 1 Sarakuna 19 ya gani, annabi Iliya ma da ya gaji kwanciya ya yi ƙarƙashin itace, mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa ya sake kwanciya. Ya ce to shi Iliya akuya ta ci masa mayafi? Na ce ya matsa mini daga kan tabarma, saura kwanciya ta biyu.