Ƙasar da ta adana waƙoƙin kakanninta a cikin kabad

Daren jiya a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi aka ɗauko hirar ƙwallon kwando, har wani ƙanenmu ya ambaci Kristaps Porziņģis, dogon nan da ya ci kofin NBA da ƙungiyar Boston Celtics a 2024. Aka tambaye shi ɗan ina ne, ya ce ɗan Latbiya. Sai wani yayanmu ya yi tsaki ya ce, "Ina ne kuma Latbiya? Irin ƙasashen nan ai ko rabin Kano ba su kai ba." Aka yi dariya aka shiga wata hirar. Ni kam maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta, saboda na daɗe ina bibiyar labarin ƙasar nan, kuma ina ganin ba ta cancanci tsaki ba.

Yaya, a wajen lissafi ka yi gaskiya. Mutanen Latbiya duka ba su cika miliyan 2 ba, birnin Kano kaɗai ya ninka su. Ƙasa ce a bakin tekun Baltik, Estoniya a arewa da ita, Lituweniya a kudu, Rasha a gabas. Wajen rabin ƙasar daji ne. Tudun da ya fi kowanne tsawo a cikinta mita 312 ne kawai. Suna da wata gangarar ruwa a garin Kuldīga da ake cewa babu mai faɗinta a Turai, ta haura mita 200 a faɗi, amma tsayinta wajen mita 2 ne. Ba su da fetur, ba su da zinariya. Abin da ya sa nake girmama su wani kabad ne na katako.

Bari in faɗi yadda aka yi. Shekaru kusan 700 Latbiyawa ba su da ta cewa a ƙasarsu. Tun da wani limamin coci Bajamushe mai suna Albert ya kafa birnin Riga, babban birninsu na yau, a 1201, filaye da gidajen gona suka koma hannun Jamusawa. Sarauta ta yi ta sauya hannu, yau Folan, gobe Suwidin, jibi Rasha, amma mai gona bai sauya ba. Ɗan ƙasa talakan gandu ne, a ɗaure yake da gonar ubangidansa, ba a sake shi ba sai a 1817 da 1819, a yankin gabas ma sai 1861. Harshensa kuwa ana ɗaukarsa yaren manoma. Yaron da ya yi karatu ya samu ɗan matsayi sai ya rikiɗe ya zama Bajamushe, har ya riƙa jin kunyar bakin uwarsa. Wannan ciwon mun san shi, ba sai an yi mana bayani ba.

To amma waɗannan talakawan suna da waƙoƙi, suna kiransu daina. Yawancinsu layi huɗu ne rak, kuma akasari a bakin mata suka rayu. Akwai ta haihuwa, akwai ta reno, akwai ta kiwo, ta huɗa, ta kai amarya, ta zambo tsakanin dangin ango da dangin amarya, ta marainiya da ke kuka da wahalar gidan wani, ta rakiyar mamaci. Har da waƙar niƙa, wadda mace ke yi da asuba tana juya dutse. Da na fara ganin wannan sai da na ajiye waya na yi shiru, don muryar kakata ce ta faɗo mini, tana durƙushe gaban dutsen niƙa tana rera abin da yau ko baiti biyu ba zan iya kawowa daidai ba.

Wani mutum mai suna Krišjānis Barons, wanda aka haifa a 1835, lissafi da ilimin taurari ya karanta, shi ya ɗauki nauyin tattara waƙoƙin nan tun daga 1878. A lokacin ma ba a gida yake ba, yana Rasha yana koyar da ƴaƴan wani mai kuɗi. Ɗaruruwan mutane, malaman makarantun ƙauye da ɗalibai da manoma, suka riƙa bin tsofaffi suna rubutawa suna aika masa ta gidan waya. Da takardu suka yi masa yawa, a 1880 ya sa kafinta a Mosko ya ƙera masa kabad mai ƙananan durowa 70. Kowace waƙa a ɗan ƙyallen takarda mai faɗin santimita 3 da tsawon 11, ya ware su bisa ga matakan rayuwar ɗan Adam, daga zanen goyo har zuwa kabari. Takardun da ke cikin kabad ɗin nan 268,815 ne. Daga 1894 zuwa 1915 aka buga waƙoƙi 217,996 a cikin manyan littattafai. Kusan shekara arba'in mutum ɗaya yana sunkuye a kan aikin da babu albashin kirki a cikinsa, matarsa tana taya shi. A 2001 hukumar UNESCO ta saka kabad ɗin cikin kundinta na kayan tarihin duniya.

Ra'ayina shi ne, a cikin kabad ɗin nan aka haifi ƙasar Latbiya, tun kafin a ayyana ƴancinta ranar 18 ga Nuwamba 1918. Mutumin da aka gaya wa shekara da shekaru cewa yarensa na bayan gida ne, ranar da ya ga littafi bisa littafi cike da maganar kakarsa, ya daina sunkuyar da kai. Mu da muke alfahari da miliyoyin masu jin Hausa daga Agadas har Kumasi, ina ma a ce waƙoƙin daka da na gaɗa da na tashe da na reno sun samu wanda zai bi su gida-gida haka. Malamanmu na jami'a sun yi ƙoƙari, ban raina ba. Amma yawa yana sa sakaci. Muna ganin harshenmu ba zai taɓa mutuwa ba, alhali injin niƙa ya riga ya binne waƙar niƙa ba tare da an yi mata jana'iza ba.

Su kuwa ba su tsaya a takarda ba. Tun 1873 suke da babban bikin waƙa na ƙasa, wanda aka fara da mawaƙa 1,003. Yanzu duk bayan shekara biyar ake yi. A na 2023, da bikin ya cika shekara 150, mutum wajen 40,000 ne suka shiga a matsayin mawaƙa da masu rawa, kuma a daren rufewa sama da mutum 10,000 ke tsayawa a dandali guda cikin dajin Mežaparks su rera da murya ɗaya. Ba ƙwararru ba ne, malamin makaranta ne da direba da ma'aikaciyar asibiti, waɗanda suka yi shekaru suna atisaye da yamma a garuruwansu. Akwai abubuwa a bukukuwansu da ba su dace da addininmu da tarbiyyarmu ba, musamman shaye-shayen daren 23 ga Yuni da suke kwana gaban wuta, kuma ba su nake yabo ba. Naci nake yabo.

Nacin nan an gwada shi da wuta. Sojojin Sobiyet suka shiga ƙasar a 1940. Daren 14 ga Yuni 1941 aka kwashi mutum sama da 15,000 a taragun dabbobi zuwa can cikin Rasha. Sai Jamusawan Hitila suka zo, aka karkashe Yahudawan ƙasar, wajen 25,000 a kwana biyu kacal a dajin Rumbula, kuma akwai Latbiyawan da suka sa hannu a kisan kiyashin nan, wannan tabo ne da ba ya goguwa. Sobiyet ta dawo, a Maris 1949 aka sake kwashe sama da 40,000 zuwa Saiberiya. Aka yi ta kawo ma'aikata daga wasu sassan tarayyar, har Latbiyawa da suke kashi 77 cikin 100 na jama'ar ƙasar a 1935 suka koma kashi 52 a 1989. Saura ƙiris su zama baƙi a gidan ubansu. A shekarar nan ta 1989, ranar 23 ga Agusta, mutum kusan miliyan 2 daga ƙasashen Baltik uku, wato Estoniya da Latbiya da Lituweniya, suka fito suka riƙe hannun juna, layi ɗaya daga Tallinn ta Estoniya ya ratsa Riga har Vilnius ta Lituweniya, sama da kilomita 600. Ku auna da nisan Kano zuwa Abuja, ya wuce shi nesa. Ba bindiga, ba jifa, sai waƙa. Bayan shekara biyu suka samu kansu.

Matar da suka zaɓa shugabar ƙasa a 1999, Vaira Vīķe-Freiberga, tana ƙaramar yarinya iyayenta suka gudu da ita lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta zauna a sansanin ƴan gudun hijira a Jamus, ta yi makaranta a Maroko, ta zama farfesa a Kanada. Kun san a kan me ta yi dogon bincike tana can? A kan waƙoƙin daina ɗin nan. A zamaninta ƙasar ta shiga Tarayyar Turai da ƙungiyar NATO a 2004.

Mu koma kan wasanni, tunda daga nan gardamar ta taso. Porziņģis bai faɗo daga sama ba. Gasar ƙwallon kwando ta Turai ta farko da aka yi a 1935, Latbiya ce ta ɗauki kofin. Uljana Semjonova, mai tsawon mita 2.13, ta ci zinariyar Olamfik sau biyu da tawagar Sobiyet, a 1976 da 1980. A gasar Olamfik ta Tokiyo su suka ci zinariya a ƙwallon kwando na ƴan uku-uku. Jeļena Ostapenko tana da shekara 20, ba ta cikin waɗanda ake sa wa rai, ta lashe babbar gasar tanis ta Faransa a 2017. Mikhail Tal, zakaran duniya a darar Turawa ta ces a 1960, haifaffen Riga ne. Ko a ƙwallon ƙafa, da ba su yi fice ba, sun fitar da Turkiyya suka je gasar Turai ta 2004, suka tashi babu ci da Jamus. Tsofaffin magoya bayan Arsenal za su tuna Igors Stepanovs. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Mayu 2023, da suka doke Amurka 4 da 3 a ƙwallon gora na kan ƙanƙara suka zo na uku a duniya. Na uku fa, ba na ɗaya ba. A daren nan majalisar dokoki ta zauna ta ba da hutu washegari, jama'a suka cika tsakiyar Riga don tarbar yaransu. Mutanen da suka san ba su da yawa ba sa barin nasarar ɗansu ta wuce a banza.

Ga wani da zai ba telolinmu sha'awa. Ku duba bakin aljihun wandon jins, za ku ga ƴan ƙusoshin tagulla. Wani tela Bayahude haifaffen Riga, Jacob Davis, shi ya ƙirƙiro su bayan ya yi ƙaura zuwa Amurka, suka yi rajistar dabarar tare da ɗan kasuwa Levi Strauss a 1873.

Harshensu ma suna tsare shi kamar ƙwai a cokali. Duk sunan da ya shigo sai sun lanƙwasa shi ya bi ƙa'idarsu, sunan namiji ya ƙare da "s", shi ya sa a jaridunsu za ka ga Donalds Tramps da Muhameds Ali. Ban ga laifinsu ba, mu ma da muka ce Ingila da Faransa haka muka yi. Sai dai a nan ne kuma nake da ja da su. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar Rashawa ne, da yawansu a nan aka haife su, kuma bayan 1991 an bar dubban ɗaruruwa ba tare da takardar zama cikakken ɗan ƙasa ba sai sun ci jarrabawar harshe. A ƙuri'ar raba gardama ta 2012 wajen kashi 75 cikin 100 suka ƙi yarda Rashanci ya zama harshen hukuma na biyu. Na fahimci tsoronsu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tsohuwar da aka kawo aikin masaƙa tana budurwa ba ita ta aika taragu Saiberiya ba. Kuma su kansu Latbiyawa sun haɗiye wani ƙaramin harshe na masunta a gabar tekunsu, da ake kira Livonian, wanda mace ta ƙarshe da ta tashi da shi a matsayin harshen uwa ta rasu a Kanada a 2013 tana da shekara 103.

Abu na biyu da ba na taya su murna a kai ya shafe mu kai tsaye. A 1651 jiragen Jacob Kettler, sarkin Kurland da ke yammacin Latbiya ta yau, suka shigo kogin Gambiya suka gina ganuwa a wani ɗan tsibiri. Ingilishi suka ƙwace shi a 1661 suka sa masa suna James, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka riƙa tsare ƴan uwanmu kafin a loda su a jirgi. Tun 2011 sunansa tsibirin Kunta Kinteh. Nakan ga ana jera labarin nan cikin abubuwan ban mamaki na ƙasar, wai ita ma ta taɓa mallakar yanki a Afirka. Ni ban ga abin tinƙaho ba. Sarkin nan Bajamushe ne, kuma lokacin da jiragensa ke zuwa Gambiya, kakannin Latbiyawan yau suna gandunsa suna juya dutsen niƙa suna waƙar marainiya. Sun fi kusa da mutanen da ke cikin tsibirin fiye da mai jirgin.

Yaya, in mun haɗu anjima zan nuna maka hoto ɗaya a waya. An ɗauke shi ranar 18 ga Janairu 2014, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. An gama gina sabon babban ɗakin karatu na ƙasa a ɗaya gefen kogin Daugava, sai mutum wajen 14,000 suka yi layi daga tsohon ginin, suka bi ta kan gada, suna miƙa wa juna littattafai hannu da hannu har cikin sabon. Da yara da tsofaffi, kowa da safar hannu. A cikin ginin nan kabad ɗin Barons yake yanzu, a bayan gilashi, da durowarsa 70.