Makunnin Maigida

"Injiniya, ƙwan tsakar gidan nan nake so in riƙa kashewa daga kan gadona. Kullum Hajiya sai ta bar shi ya kwana yana cinye mini kati."

"An gama, Alhaji. Tu-we za a sa, wato makunni biyu a kan ƙwai ɗaya. Ɗaya a ƙofar Hajiya, ɗaya a kan gadonka, kowa ya kunna, kowa ya kashe."

"Madalla. Nawa ne babban ko?"

"Ai ba su da babba, ranka ya daɗe. Kowanne ƙafa 3 gare shi, kwaman da L1 da L2. Layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta, ya shiga kwaman ɗin naka, wayoyi biyu su tafi na Hajiya, daga kwaman ɗinta a kai wa ƙwan. Nutural kuwa kai tsaye..."

"Dakata. Ta nawa wutar ke fara shiga?"

"Ta naka."

"To ka gani! Ni ne babba."

"Amma ta na Hajiya take fita."

"Wato sai da izininta? Juya su!"

"In na juya, ta nata za ta fara shiga."

Alhaji ya cire hula ya duba cikinta, kamar a nan amsar take. Mutumin da ko a sahun masallacin Jekadafari da ke Gombe ba ya yarda kafaɗar wani ta ɗara tasa.

"Bar shi yadda yake. Amma waya kada ka sayo, akwai ragowar ta lasifikar bikin Amarya."

"Alhaji, wuta ce mai bolt 230. Waya 1.5 ake sa wa fitila, in ba gobara kake nema ba."

Sai da aka yi ciniki kamar na bijimi kafin ya zaro kuɗin. Bayan la'asar aiki ya kammala. Alhaji ya gyara babbar riga, ya yi bismilla, ya danna ƙasa. Ƙwai ya mutu.

"Kai! A kife ka ɗaura shi."

"Daidai yake."

"Yaro, tun ina Herwagana da gajeren wando, ƙasa kunnawa ce, sama kashewa. Yau za ka sauya mini duniya?"

"Shi tu-we ba shi da sama ko ƙasa. Ya danganta da inda na Hajiya yake."

"A gidana? Ƙasata ta danganta da Hajiya?"

Kafin ya rufe baki ƙwai ya kama. Ya danna, ya mutu. Ya sake kamawa.

"Hajiya! Ki cire hannunki!"

"Tsintar shinkafa nake, Alhaji."

"Tun rana ba ta faɗi ba?"

"Gwadawa nake, kada a ce nawa ba ya aiki."

Ana cikin haka sai ga Amarya ta ɗaga labule, baki a zumɓure.

"Ni ko sai kallo? Ina adalcin?"

"Injiniya, ƙara na uku. Amma ƙarami."

"Na ukun ma ya fi ƙafafu, Alhaji. Intamidiyet sunansa, ƙafa 4, kuma dole a tsakiya yake zama, tsakanin naka da na Hajiya."

"Ai dama nan take zaune tun da ta zo," in ji Hajiya daga ɗaki.

Washegari aka ɗaura na ukun. Injiniya bai ko mayar da testa aljihu ba aka ɗauke wuta. Ga dam ɗin Dadin Kowa nan kusa da mu, ruwa har ya ishi kada, amma sai mu yini muna fifita da kwali.

"Yanzu a kunne yake ko a kashe?"

"Wa ya taɓa na ƙarshe?"

"Ni sau biyu na danna," in ji Hajiya.

"Ni ban ƙirga ba," in ji Amarya.

"To in suka kawo ta ƙarfe ukun dare ina barci fa? Ya ci katina har asuba? Kawo kujera!"

Ya hau, ya kwance ƙwan, ya jefa a aljihun gaba.

"Alhaji, kuɗin aikina fa?"

"Sai an kawo wuta mun gwada."

"Ai ƙwan yana aljihunka."

"Yo da a na Hajiya kake so ya kasance?"