Awa shida kawai nake roƙo

Jiya ma an sake ɗauke wuta. Ƙarfe tara na safe na sa kwalaben gwajina a fur, wato tandar labo mai aiki da lantarki, sha ɗaya da kwata kuran ya tafi, bai dawo ba sai bayan la'asar. Karo na huɗu ke nan cikin sati biyu. Gilashi takwas sun tafi a banza, kuma wallahi kunnena ya gaji da jin "sai haƙuri".

Ni ɗalibi ne nan Damagaram, aikin memwar ɗina, wato kundin kammala karatu, shi ne shuka ƴan sandunan zinc oxide a kan gilashi don haɗa ƙwayar pano mai aiki da rana. Shuka nake cewa don da gaske tsirowa suke. Zinc ita ce tutiyar da ake lulluɓe kwanon rufi da ita, oxide ɗinta kuwa farar hoda ce, tana cikin man da ake shafa wa jariri in kunzugu ya ci masa fata. Da fari a shafa iri, wato siririn shafen zinc oxide, a gilashin a gasa wajen digiri 350. Sannan a kifa shi cikin ruwan sinadarai biyu, zinc nitrate da HMT, a rufe, a riƙe zafin a digiri 90 har awa shida. Sandunan masu kusurwa shida su miƙe tsaye kamar karan gero, kaurin kowace bai wuce nanomita 100 ba, sai ka jera ɗaruruwa kafin ka cimma silin gashi guda. A kansu rini ke maƙalewa (ni da ruwan zoɓo nake gwaji), rana ta bugi rinin, lantarkin ya samu miƙaƙƙiyar hanya ya bi sanda ya fita. Ina ƙara ɗan alminiyom, kashi 1 a wata kwalba, kashi 2 a wata, in ga wanne ya fi gudu da wuta. In ya yi yawa ma sandar ba ta fitowa, sai wasu faya-fayai kamar ɓawon albasa.

To abin nan bai san wasa ba. Zafi ya sauka, tsiro ya tsaya. Wuta ta dawo, fur ya sake ɗauka, ruwan ya riga ya gurɓace, farar laka ta kwanta ƙasan kwalba. Ko da wani abu ya fito, me zan rubuta? Awa nawa ya yi a digiri 90? In sandunan kashi 2 suka fi gajarta, alminiyom ne ya ja ko kuwa mai kashe wuta? Malamina ya dubi takardata ya ce, "Wannan ba sakamako ba ne, yaro." Gaskiya ya faɗa, na rasa bakin magana.

Gilashin nan fa ba a Kasuwar Dole ake saye ba. Sunansa FTO, yana da shafe mai ɗaukar lantarki, daga waje aka aiko mini, wata biyu ina jira, kuɗin kuma yayata ta sayar da tunkiyarta ta cika. Ruwan haɗi tatacce ne, injin tata shi ma kuran yake ci, kuma sai famfo ya kawo. Wanda ya zauna garin nan ya san labarin famfo da ga-ruwa, ba sai na tona ba.

Na je ofishin masu wutar. Mutumin da na tarar ko kai bai ɗaga ba: "Ƙanena, delestaj ne, daga sama yake." Na sani, yanke wuta ne bi da bi. Na san a da wutarmu mafi yawa daga Najeriya take shigowa, ban manta duhun da muka sha ba da aka yanke ta a watan Agusta na 2023. Na san bazara ce, kowa ya kunna fanka. Ban ce ku ƙago wutar da babu ba. Cewa na yi ku faɗa mana lokaci! Ku ce Birni safe, Zango rana, Garin Malam dare, ku sanar a rediyo, ku tsaya kan maganarku. Faktir, takardar kuɗin wuta, ai ba ta taɓa ɓatan hanya, ranarta ba ta canzawa. Mai walda na layinmu da matar da ke sayar da ƙanƙara abin da suke nema ke nan, su ma su san yaushe za su ɗora aiki.

Wani abokina har da dariya: mai binciken rana yana kukan kuran, ka sa pano mana. Ya je ya tambayi kuɗin batir da zai riƙe fur awa shida, ya dawo mu yi magana.

Gilashi biyar suka rage mini. Maigadi ya ce a ganinsa an fi barin wuta tsakar dare, don haka ran Alhamis da tabarmata zan tafi labo, ƙarfe ɗaya in kunna.