Ɗan da ya ci 240 a JAMB, ina zai dosa?

Duk shekara idan JAMB ta saki sakamako, akwai gidajen da ke shiga zaman makoki ba tare da an yi rasuwa ba. Waɗanda suka faɗi warwas sun san matsayinsu, sai su fara shirin baɗi. Masu shan wahalar gaske su ne yaran da suka ci 230, 240 ko 250, alhali sun cike likitanci a ABU Zariya ko Bayero, ko aikin lauya, ko harhaɗa magunguna. Makin ya wuce a kira shi faɗuwa, bai kuma kai wanda za a shiga da gadara ba. Uba ya fara neman lambar wani malamin jami'a da suka yi firamare tare, uwa ta duƙufa da addu'a, yaro kuma kullum yana kafe yana duba ko sunansa ya fito.

A fara da sanin darajar makin. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.95 fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba. Waɗanda suka kai 250 ba su cika kashi 5 cikin 100 ba, masu 300 zuwa sama kuwa ba su kai 13,000 ba a faɗin ƙasar. Wato mai 240 ya tsere wa mafi yawan sa'o'insa da tazara mai nisa. A wannan shekarar ce kuma shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, har ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas suka sake rubutawa. Duk mai ɗaukar makin JAMB a matsayin ma'aunin ƙwaƙwalwa da ba ya kuskure, ya tuna da wannan.

To me ya hana 240 isa? Gurbi ne babu. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Mu kuma duk mun yi cincirindo a ƙofa ɗaya, kowane gida so yake a ce ga ɗakin likita. Sai a ji JAMB ta sanar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, uba ya lissafa ya ga ɗansa ya ɗara da 90, ya kwanta da murna. Wannan 150 ɗin izinin tsayawa a layi ne kawai. Kowace jami'a da nata layin, kowane kwas kuma da nasa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda iyaye da ɗalibai ba sa zama su yi lissafin da jami'ar kanta take yi. Ɗauki Jami'ar Legas, wadda ba ta ɓoye tsarinta. JAMB na da kashi 50, jarrabawar tantancewa ta jami'a kashi 30, sakamakon WAEC ko NECO kashi 20. Ana raba makin JAMB gida 8, don haka mai 240 yana da 30, mai 280 yana da 35. Tazarar 40 da ke hana mutane barci ta koma 5. A ɓangaren WAEC kuwa, A1 maki 4 ce, C6 maki 2, a darussa biyar. Mai A1 biyar ya kwashe 20, mai C6 biyar ya tashi da 10. Wannan bambancin na 10 daidai yake da maki 80 na JAMB. Ka ga yarinyar da ta ci 240 da WAEC mai kyau, ta kuma zage a jarrabawar tantancewa, tana iya wuce wanda ya ci 280 ya miƙe ƙafa. Kowace jami'a da nata ma'aunin, wata ba ta ba WAEC maki ko kaɗan, wata takardu kawai take tantancewa. Sanin wannan kafin a cike fom ya fi kiran waya goma bayan an fitar da suna.

Akwai kuma ƙofofin da ake rainawa. JAMB na ba da damar canza jami'a ko kwas bayan fitowar sakamako. Makin da ba zai ɗaga kai a Zariya ba yana iya zama na gaba-gaba a wata jami'ar jiha, ko a sababbin na tarayya irin su Dutse, Dutsin-Ma da Kashere da aka kafa a 2011, ga kuma jami'ar kimiyyar lafiya ta Azare. Ga IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ke kula da ita, ana yin ta a wurare irin su makarantar share fage ta Funtuwa da CAS a Kano, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Hanyar da ba na ba kowa shawararta ita ce wadda aka fi bi: a zaunar da yaro a gida shekara biyu, uku, yana maimaita JAMB don dole sai likitanci, sakamakon kuma na shekara ɗaya ne, baɗi sai sabon fom da sabon kuɗin lesin. Haka ma zancen nan na "shiga kimiyyar sinadarai tukuna, in ka gama aji ɗaya sai a mayar da kai medisin". Yakan faru, amma ga 'yan ƙalilan, kuma sau da yawa ga mai uwa a gindin murhu. Kada a gina rayuwar yaro a kansa.

Wannan duk dabarun ɗalibi ne. Babbar maganar tana wuyan masu tsara dokar.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilmin boko, wato kusan duk Arewa da wasu irin su Ebonyi da Bayelsa. Ma'ana ƙasar nan ta daɗe da yarda cewa maki kaɗai ba ya faɗin komai game da yaro. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne ma'aunin da aka zaɓa, wato takardar shaidar asalin jiha.

Ga yara biyu, dukansu takardarsu ta ce Zamfara. Na farko a Abuja aka haife shi, makarantar kuɗi ya yi, da ɗakin gwaje-gwaje da malamin lesin a gida, tun yana ƙarami yake wasa da kwamfuta. Garin kakansa sai da salla, in ma an je. Na biyu a makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo ya gama, inda mai bautar ƙasa ne ke koyar da kimiyyar lissafi in an dace an turo shi, inda aka rufe makarantu na tsawon watanni saboda 'yan bindiga. Ranar jarrabawa ya hau mota tun asuba zuwa Gusau, kuma mai yiwuwa wannan ne karo na biyu ko na uku da ya taɓa zama gaban kwamfuta. Na farko ya ci 255, na biyu 240. A tsarinmu na yanzu sassaucin da aka yi domin na biyu, na farko ne zai karɓe shi, domin a cikin 'yan jihar shi ne a sama. Duk malamin da ya san aikinsa ya san wanne ne cikin biyun ya nuna ƙwazon da ya fi ban mamaki.

Manyan jami'o'in duniya sun yi wannan muhawarar kwanan nan. Lokacin korona yawancin jami'o'in Amurka sun daina tilasta wa masu nema kawo makin SAT, jarrabawar neman shiga jami'a ta can. MIT ta dawo da shi a 2022, Dartmouth, Yale, Brown da Harvard suka bi a 2024. Dalilin Dartmouth ne abin lura. Malamanta sun binciki takardun masu nema, suka gano cewa 'ya'yan marasa ƙarfi suna ɓoye maki irin 1400 cikin 1600 don suna ganin bai kai na 'ya'yan masu hali ba, alhali da sun nuna shi da ya taimake su, domin jami'ar tana auna makin ne da irin makarantar da yaro ya fito. A Ingila ma, Cambridge da ta saba neman A*AA ko sama, wato kusan ƙololuwar sakamako a jarrabawar gama sakandare ta can, ta buɗe shekarar share fage a 2022 ga 'yan ƙasar da rayuwa ta yi wa cikas a karatu, da maki daidai da BBB, wanda ke ƙasa da wancan. Ba su zubar da jarrabawa ba, kuma ba su ce kowa ya shigo ba. Sun dai koyi karanta maki tare da tarihin mai shi.

Na san abin da za a ce, kuma ba zancen banza ba ne. Nijeriya ce: ranar da aka ce makarantar ƙauye na da sassauci, ranar manya za su fara yi wa 'ya'yansu rajistar aji shida a ƙauye, yaro yana Maitama sunansa yana Anka. Mun ga yadda ake tururuwa zuwa cibiyoyin da ake sayar da amsa. Amma takardar asalin jiha da muke dogaro da ita yau fa, nawa ake sayenta a sakatariyar ƙaramar hukuma? WAEC da NECO sun san lambar kowace makaranta da irin sakamakon da take fitarwa shekara da shekaru. JAMB na da lambar NIN ta kowane ɗalibi, tana kuma da manhajar CAPS tun 2017 wadda duk wani gurbi ke bi ta cikinta. Ana iya sharɗanta cewa sai wanda ya yi shekaru ukun ƙarshe a makarantar. Maguɗi ba zai ƙare ba, amma zai fi na yanzu tsada da wahala.

Za a kuma ce likitanci ba wurin tausayi ba ne, rai ake riƙewa. Gaskiya ne. Sai dai ba JAMB ke yaye likita ba. Wanda aka ɗauka da 240 zai zauna jarrabawar aji ɗaya da ta ƙwarewa iri ɗaya da mai 320, in bai iya ba a sallame shi kamar kowa. Sassaucin a bakin ƙofa yake tsayawa.

Wani amfanin kuma na siyasa ne. 'Yan kudu sun daɗe suna ƙorafin cewa ana hana 'ya'yansu gurbi a ba waɗanda ba su kai su maki ba, mu kuma muna kare tsarin da sunan talakan Arewa wanda sau da yawa ba shi ke cin moriyarsa ba. Idan makaranta ce ma'auni, ɗan talakan Ajegunle ta Legas zai shiga ciki, kuma yaran karkarar Arewa ne za su fi kowa amfana tunda makarantunsu ne suka fi lalacewa. Masu asara su ne 'ya'yan manyanmu, shi ya sa ban sa ran jin wannan shawara daga bakin wani gwamna ko sanata nan kusa ba.

Kafin a kai can, akwai abin da kowace majalisar jami'a za ta iya yi bana ba tare da jiran Abuja ba. Jami'ar Ibadan takan wallafa makin da ta tsaya a kai a kowane kwas, na cancanta daban, na 'yan yanki daban, na jihohin da ke baya daban. Duk jami'ar da ba ta yin haka ta fara, ta kuma bar na shekarun baya a shafinta, yadda uban mai 240 zai duba da idonsa ya san ko ya jira, ko ya biya kuɗin canjin kwas tun ƙofar tana buɗe.