A bar dodo da ƙarfinsa, a ba mayaƙi mafita

'Yan uwa masu wasan labari na kan tebur, musamman ku da kuka fara tsara naku dodannin, akwai maganar da ta daɗe tana cina. Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa da jaruminsa a takarda, mutum ɗaya yana jan labari yana kuma riƙe da abokan gaba, ɗan lido mai fuska 20 shi ke yanke ko sara ta samu ko ta kuskure. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shi ne uban tafiyar.

A bugu na uku na shekarar 2000 ne aka fara ba kowane dodo lambar haɗarinsa, wadda ake kira CR. A bugu na biyar na 2014 manufarta ita ce jarumai huɗu da suka huta, in matakinsu ya yi daidai da lambar, za su ci dodon ba tare da an rasa rai ba. Ban raina lambar nan ba, tana taimakon sabon mai jan wasa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da ita alƙali.

Ku ɗauki ƙaton nan ogre. A littafin 2014 lambarsa 2, makin ransa (yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi) 59, in ya sauke kulkinsa yakan ci kusan 13. Mayaƙi a matakin farko yana da kamar 12, kenan bugu ɗaya ya kwantar da shi. A takarda abin tsoro ne. Amma sau ɗaya yake bugu a zagaye, jarumai kuwa sau huɗu, kuma kariyarsa, wato lambar da mai kai hari zai cimma kafin ya same shi, 11 ce kawai, kusan kowa ya kai masa hannu zai same shi. Zagaye biyu ko uku ya zube. Yanzu ku sa ƙananan dodannin nan goblin guda huɗu a bayan duhuwa a bakin hanya, kowane da makin rai 7 kacal, lambarsa kwata. Kibiya huɗu a zagaye ɗaya, kowace tana cin kusan 5, kuma dokarsu ta ba su damar su harba su sake ɓuya nan take. Mayaƙi na tsaye a fili da takobi da garkuwa, bai ma ga wanda ke harbinsa ba, matsafin bayansa ya riga ya faɗi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma littafin 2014 da kansa ya yarda da haka, don ya ce in dodanni sun kai uku zuwa shida a ninka lissafin haɗarinsu sau biyu.

Don magance matsalar babban dodo shi kaɗai sai aka ba wasu damar motsi har sau uku a tsakanin juyin 'yan wasa, da damar kakkaɓe tsafi sau uku a rana. Wannan gyara ne mai kyau. Amma abin da na fi gani wurin masu tsara nasu shi ne su zabga wa dodo makin rai kawai. Sai faɗa ya koma sara, sara, sara na awa guda, mayaƙi yana maimaita kalma ɗaya, mutane sun koma kan wayoyinsu. Dodon bai ƙara kwarjini ba, ya dai ƙara daɗewa.

Inda zuciyata take a maganar nan shi ne wurin mai takobi, mutum zalla wanda ba shi da tsafi. Shi ne rashin tsari ya fi cuta. Mutumin nan mai rikiɗa kyarkeci a littafin 2014 lambarsa 3 ce kawai, amma makamin da ba na tsafi ba kuma ba a shafa masa azurfa ba ko ƙwarzane ba ya yi masa. Matsafi zai jefa ɗan ƙaramin wutarsa ta ci, mayaƙi kuwa ya zama ɗan kallo a faɗan da aka ƙirƙire shi dominsa. Babban jan dodon wuta na littafin, mai lamba 17, yana tashi ƙafa 80 a zagaye, mayaƙi yana taka 30 a ƙasa. In dodon na da hankali me zai sauko yi? Zai hura wutarsa mai cin kusan 63 daga sama ya wuce.

Wasu za su ce to a rage ƙarfinsu. Ni ban yarda ba. Dodon da ɗan Adam zai tsaya gaba da gaba da shi su yi kunnen doki ya rasa dalilin zamansa a labarin. A bar masa fatarsa da ƙarfe ba ya ci, a bar masa fiffikensa. Bashin da ke kan mai tsara wasa shi ne ya sanar, kuma ya buɗe hanya. Kafin a haɗu da kyarkecin, a sa mafarauci a ƙauye ya nuna mashinsa da ya lanƙwashe a jikin dabbar ba jini ko ɗigo. A sa maƙeri a garin, tunda dokar 2014 ta ce da tsabar zinariya 100 ana shafa wa makami azurfa. Jarumai su yi gardamar inda za su samo kuɗin, wannan ma wasa ne, kuma mai daɗi. Dodon wuta kuwa a ba shi kogo mai ƙaramin rufi, ko ƙwai da ba zai iya bari ba, abin da zai tilasta masa taka ƙasa in 'yan wasa sun yi dabara.

Tsofaffin bugu sun fi mu fahimtar wani ɓangare na wannan. A littafin da Tom Moldvay ya shirya a 1981, kowane dodo yana da lambar ƙarfin zuciya daga 2 zuwa 12. In na farko a cikinsu ya mutu, da kuma in rabinsu sun zube, sai a jefa ɗan lido biyu, in jimlar ta haura lambar su gudu ko su miƙa wuya. Ta goblin 7 ce, wato sama da kashi 40 cikin 100 na lokuta za su arce. Ku duba abin da wannan ya ba mayaƙi: ba sai ya kashe goma ba, ya isa ya kutsa ya sare na gaba a idon sauran. Ga shi kuma a lokacin yawancin makin ci gaba daga dukiyar da aka fito da ita yake zuwa, zinariya ɗaya maki ɗaya, don haka lallaɓawa a wuce dodo yana barci ba asara ba ce.

Wanda ya ce wannan zalunci ne ga 'yan wasa yana da hujja a wuri ɗaya: in mai jan wasa ya ɓoye haɗari sannan ya toshe hanyar gudu, ya ci amanar teburinsa. Shi ya sa a nawa tsarin, kafin in rubuta makin ran dodo nake rubuta abu uku a saman takardarsa: alamar da za a gani kafin a iso shi, abin da mai takobi zai iya yi masa da hannunsa, da abin da zai sa ya juya baya. In na kasa cike na biyun, dodon ba ya hawa tebur a ranar, sai na koma na gyara shi.